Maigida Ya Ga Tsohon Gida A Tsakiyar Liverpool, Yana So In Sayar Da Gadona Na Kaduna

Assalamu alaikum. Ni ma'aikaciyar jinya ce a Liverpool, maigidana likita ne, muna da yara uku, babbar shekararta 9, autan 2. Tunda muka zo Ingila haya muke yi. Watan jiya maigida ya ga wani gida cikin tsofaffin gidajen nan na jere da ke wajen Hope Street, ginin wajajen 1830, hawa biyar har da na ƙarƙashin ƙasa. Mai shi ya gyara shi tsaf: sabon kicin a ƙasa, an rushe bango an haɗe falo biyu, an sa sababbin tagogi a baya, an ƙara banɗaki a sama. Kuɗinsa fam 550,000, mu kuwa fam 60,000 muka tara. Ina da gida a Kaduna da na gada wajen mahaifina, da 'yan haya a ciki, an ce zai kai kwatankwacin fam 45,000. Maigida yana so in sayar mu cika. Ya ce tunda an riga an gyara ba sai mun kashe kuɗi a kan mai duba gini ba, ga shi dillali yana cewa akwai wani mai saye, a ba shi amsa kafin Juma'a. Hajiya, mahaifiyarsa, tana zuwa duk shekara ta yi watanni, kuma tana fama da gwiwa. Ni ma gidan ya burge ni, amma hankalina bai kwanta ba. In na yi magana sai ya ce ba na son ci gabanmu. Yaya zan yi?

Maman yara uku, Liverpool

Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya jiƙan mahaifinki, ya sa albarka a abin da ya bari. Rashin kwanciyar hankalinki yana da dalili, kuma shi ma maigidanki ba a banza gidan ya shiga ransa ba. Irin waɗannan gidaje, da aka gina tun zamanin sarakunan Ingila huɗu masu suna George, daga 1714 zuwa 1830, suna da ɗakuna masu tsawon silin da manyan tagogi da ba a samun irinsu a ginin yanzu. A unguwar nan ne, a Rodney Street, aka haifi Gladstone a 1809, wanda ya yi firaministan Birtaniya har sau huɗu. Da ƙafa za ku je asibitocin tsakiyar gari, masallacin Al-Rahma ma ba nisa. Magidancin da ya daɗe yana biyan haya, idan ya ga ƙofa irin wannan ya ji za ta iya zama tasa, dole zuciya ta riga lissafi. Kada ki ɗauki zafinsa a matsayin raini. Amma lissafin sai an yi shi, kuma da shi za mu fara.

Idan kafin alƙalamin da za ku ajiye kafin banki ya biya saura kashi 10 cikin ɗari ne, fam 55,000 ke nan. Sai harajin sayen gida. Bisa ƙa'idar da ta fara aiki a Ingila ranar 1 ga Afrilu 2025, ba a biyan komai a kan fam 125,000 na farko, ana biyan kashi 2 daga nan zuwa 250,000, sannan kashi 5 a kan abin da ya haura har zuwa 925,000. A gidan fam 550,000 harajin ya zama fam 17,500. Sassaucin da ake yi wa masu sayen gida karon farko ba ya aiki idan farashi ya wuce fam 500,000, kuma ke da ma kin fita daga sahunsu, domin wanda ya taɓa mallakar gida ko'ina a duniya, ko da ta gado ne, ba a lissafa shi mai sayen farko. Kafin a zo maganar lauya da safiyo mai duba gini da ɗaukar kaya, kun riga kun kai fam 72,500, alhali 60,000 ke hannunku.

Ga kuma inda mutanenmu da yawa ke tuntuɓe. Wanda ya sayi gida a Ingila yana da wani gidan da darajarsa ta kai fam 40,000, a kowace ƙasa yake, ana ƙara masa kashi 5 cikin ɗari a kan dukan farashin. Miji da mata abu ɗaya ne a wannan doka, saboda haka ko da sunan maigida kaɗai aka saya, gidanki na Kaduna yana cikin lissafi. Ƙarin zai kai fam 27,500, harajin gaba ɗaya ya koma 45,000. In kin sayar kafin ranar da za a kammala ciniki, babu ƙarin. In kin sayar bayan nan, ba za a mayar muku da kuɗin ba, don ana mayarwa ne kawai ga wanda ya sayar da gidan da shi ne mazauninsa. Ki gaya wa lauya maganar gidan Kaduna tun ranar farko, ki sa a kimanta shi a rubuce, ki kuma tambayi akawun da ya san haraji ko za a nemi wani abu a hannunki kan ribar sayarwar, tunda a Birtaniya kike zaune.

Kin ga ke nan wannan ciniki ba ya tsayuwa sai da gidanki. In an sayar, kuna da fam 105,000, a cire 72,500, a cire kamar 4,000 na lauya da safiyo da sauran tarkace, ya rage wajen 28,000. In ba a sayar ba, kuɗin ba su kai ba ko kusa. Gadonki dukiyarki ce, shari'a ba ta ɗora miki samar da muhalli ba, abin da kika saka alheri ne da haɗin gwiwa. Saboda haka kina da cikakken haƙƙin cewa ba za ki motsa ba sai kin ga takardu. Ki kuma tuna abin da gidan yake yi miki yanzu: kuɗin haya da ƙila ke taimakon wasu a gida, da wurin saukarki idan zaman Turai ya ƙare. Idan mahaifiyarki tana raye, ko akwai yayye da ƙanne da ke jin gidan a ransu, su ji daga bakinki kafin su ji a bakin dillali.

Yanzu maganar "an gyara". Yawancin gidajen wannan zamani da ke unguwar suna cikin kundin gine-ginen tarihi da doka ta kare, galibi a aji na biyu. Ki shiga shafin Historic England, hukumar da ke riƙe da wannan kundi, ki rubuta adireshin, kyauta ne, nan take za ki gani. Idan yana ciki, kariyar ta haɗa da ciki da waje: matakala, ƙofofi, adon filastan silin, murhu, tagogi, har tsarin ɗakunan. Duk aikin da zai sauya kamannin gidan sai da izinin hukumar birni, takardar da ake kira Listed Building Consent, ƙarƙashin dokar 1990. Abubuwa huɗun da kika lissafa, rushe bango, sauya tagogi, ƙara banɗaki, da aikin ƙarƙashin ƙasa, duk irin ayyukan da ake neman wa izinin ne. Wanda ya yi su ba izini ya aikata laifi, amma umarnin a mayar da gini yadda yake, kan mai gidan na yanzu yake faɗawa, kuma ba shi da wa'adin ƙarewa. Bayan shekara goma sha ana iya cewa ku cire tagogin roba ku mayar da na katako, ko ku sake tayar da bangon da wani ya rushe, da kuɗinku.

Don haka lauyanku ya nemi kwafin kowane izini tare da zanen da aka amince da shi, a gwada da abin da ke tsaye a gidan, domin wani ya kan karɓi izinin abu ɗaya ya aikata uku. Ya nemi takardar shaidar kammala aiki ta masu kula da ƙa'idar gini, musamman kan ƙarfen da aka ɗora a gurbin bangon da aka cire, da takardar gwajin wayarin, da ta tukunyar ɗumama gida daga ma'aikacin gas da ke cikin rajistar hukuma ta Gas Safe. Ku karanta fom ɗin TA6 na bayanan gida da mai sayarwa ke cikewa, layi bayan layi. In wani izini ya ɓace, za a iya kawo muku tayin inshorar kariya. Ita tana ɗaukar asarar da umarnin hukuma ya jawo ne kawai, ba ta gyara mugun aiki, kuma ta kan lalace idan an riga an tuntuɓi hukuma a kan matsalar. Kada maigida ya ɗaga waya ya kira ofishin birni kafin ku yi shawara da lauya. Hanya mafi tsabta ita ce mai sayarwa ya nemi izinin da kansa kafin a ƙulla ciniki, ko da hakan zai ci wata biyu ko fiye.

Maganar cewa ba a buƙatar safiyo kuwa, a nan ba zan sassauta ba. Wanda banki zai turo darajar gida kawai yake kimantawa don kare kuɗin banki. Ku abin da kuke buƙata shi ne bincike mataki na 3 daga safiyo mai rajistar RICS, ƙungiyar ƙwararrun safiyoyi, kuma wanda ya saba da tsofaffin gine-gine. A gida mai hawa biyar kuɗinsa ya kan haura fam 1,000. Sabon fenti shi ne babban dalilin kiran sa, don fenti yana rufe tsaga da tabon ruwa na tsawon damina ɗaya ko biyu.

Ki roƙe shi ya fara da rufi. Da yawan gidajen nan rufinsu ɓoye yake a bayan gajeren bangon gaba, ruwa yana taruwa a kwarin da aka shimfiɗa wa dalma, a tsakiya ko a bayan bangon, kafin ya sauka ta indararo. Daga titi ba a ganin komai. Ganye ya toshe mafita, ko dalmar ta tsage, sai ruwa ya riƙa tsiyaya cikin katakon rufi shiru, har ruɓa ta kama. Akwai wata irin ruɓa da fumfuna ke haddasawa, tana bin bayan filasta daga katako zuwa katako, tana ratsa bulo ta shiga gidan maƙwabci. Magina na wancan zamani sun riƙa binne katako a cikin bango, in ya ruɓe sai bangon ya zauna ko ya turo ciki. Safiyo ya tsaya a titi ya dubi fuskar gidan ko ta kumbura, domin a wasu gidajen jere ba a ɗaure bangon gaba da na gefe sosai ba. Ya hau sama ya duba bututun hayaƙi: in an cire ƙirjin murhu, wato ginin bulon da ya turo cikin ɗaki yana ɗauke da bututun, a ƙasa aka bar na sama ba madogara, nauyin bulo ne rataye a kan ɗakin yara.

Sai bango da danshi. An gina gidajen da jan bulo da kwaɓin farar ƙasa da yashi, bango guda ba rami a tsakiya. Yana shan danshi yana fitarwa, haka yake rayuwa. Kin san abin da ke faruwa da ginin ƙasa a gida idan aka yi masa shafen siminti: ruwa ya shiga ta tsaga ya rasa hanyar fita, bangon ya ruɓe a ciki alhali fuskarsa sumul. To haka siminti da filastan zamani da fenti mai kama da roba suke yi wa wannan bulo. Gyaran da aka yi don a sayar da sauri ya fi faɗawa wannan kuskure, musamman a ƙarƙashin ƙasa inda kicin ɗinku yake. Safiyo ya faɗa muku da me aka shafe bangon, ta ina iska ke shiga, kuma ina ruwan da ke bayan shafen yake tafiya. A zura kyamara cikin magudanar bahaya, kuɗin kaɗan ne, tsofaffin bututun yumɓu kuwa suna tsagewa. A duba ko bututun da ke shigo da ruwan sha na dalma ne, a kuma yi hattara da tsohon fenti mai dalma a ƙofofi da tagogi, tunda kuna da ɗan shekara 2 mai kai komai baki.

Banɗakin sama ya cancanci tambaya ta musamman, saboda yadda muke amfani da ruwa. Alwala sau biyar, buta, wankan yara, duk a kan daɓen katako, ƙarƙashinsa kuma silin na tsohon filasta mai ado wanda gyaransa sai ƙwararre. A tabbatar an shimfiɗa abin hana ruwa a ƙarƙashin tayil, kuma mai aikin famfo bai sassare katakon daɓen ba wajen wuce da bututu.

Ko da gidan ya tsallake duk wannan, ku zauna ku auna zaman cikinsa. Kicin a can ƙasa, falo a sama da shi, ɗakunan kwana a hawa na uku da na huɗu. Hajiya mai ciwon gwiwa za ta kwana ina, kuma banɗaki nawa ne taku tsakaninta da shi? In amsar ita ce a mayar da falon ƙofar shiga ɗakinta a tsaga banɗaki a gefe, wannan ma sai da izini, kuma ba lallai a bayar ba. Haka kujerar lantarki mai hawa matakala. Ku kai wannan tambaya gaban maigida da sunan mahaifiyarsa, don shi ne zai fi kowa jin nauyi idan ta zo ta maƙale a ɗaki ɗaya wata uku. Girkinmu mai suya da turiri yana son bututun fitar da hayaƙi mai ƙarfi, huda bango dominsa kuwa wani izinin ne. Ku tambayi inda za a ajiye mota da ko sai da takardar mazauna unguwa. Ku nemi mai gidan ya nuna muku takardun kuɗin gas da lantarki na shekara guda cif, domin ɗaki mai dogon silin da tagar gilashi ɗaya yana shan wuta a hunturu. Maganin da aka fi yarda da shi shi ne toshe kafofin iska a jikin tagar da ƙara gilashi na biyu daga ciki, ba cire ta ba. Ku nemi farashin inshora tun yanzu, don ana lissafa shi ne a kan kuɗin sake gina gidan da irin kayansa na asali. Kuma duk ƙaramin aiki a sama, ko fentin taga ne, sai an kafa tsanin ƙarfe. Fam 28,000 da suka rage muku aikin rufi ɗaya zai iya cinye su.

Shi dillali ma'aikacin mai sayarwa ne, la'adarsa tana fitowa ne idan an sayar. Yana yiwuwa da gaske akwai wani mai saye, amma wannan ba dalilin cinikin biri a sama ba ne. Abin da zai sanyaya ran maigida shi ne, a Ingila tayi ba ya ɗaure kowa sai ranar da lauyoyi suka yi musayar kwantiragi. Kuna iya miƙa tayinku kafin Juma'a, a rubuce, bisa sharaɗin binciken safiyo da ganin takardun izini, ba tare da kun biya ko fam ɗaya na kuɗin gidan ba. In rahoto ya fito da aikin fam 20,000, ku nemi a rage daidai wannan ko ku janye. Bayan musayar kwantiragi ne janyewa ke cinye kafin alƙalami. Tsarin da nake ba ki shawara ke nan: tayi da farko, sai safiyo da takardu, sai amincewar banki a rubuce, sannan a sa gidan Kaduna a kasuwa, kuma kada a yi musayar kwantiragi sai kuɗinsa sun iso asusunki. Ki adana yarjejeniyar sayarwa, da takardar rabon gado, da shaidar kowane canji da turawa ta banki, domin lauya ba zai karɓi kuɗin da ba a iya bin sawunsu ba. In kuna gudun kuɗin ruwa, akwai tsarin musharaka da ijara irin na Gatehouse Bank ko StrideUp. Ku tambaye su tun farko nawa suke so a fara ajiyewa da ko suna karɓar gini mai kariyar tarihi. Lauya kuma ya tabbatar ko mallakar ta har abada ce ko ta wa'adin shekaru, da sharuɗɗan da ke kanta.

In har kika saka gadonki, a rubuta shi. Mallakar haɗin gwiwa iri biyu ce a can. A ɗaya, in ɗayanku ya rasu gidan duka ya koma ga wanda ya rage, wasiyya ba ta taɓa shi. A ɗayan, wanda lauyoyi ke kira tenants in common, kowa yana da kasonsa sananne, kuma ana iya haɗawa da takardar da ta fayyace cewa fam kaza naki ne daga gadon mahaifinki. Wannan na biyun shi ke ba ku damar rubuta wasiyyar da ta dace da rabon gado na Musulunci. Neman a rubuta ba zargi ba ne, ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi ta sauka, kuma kariya ce ga shi kansa maigidan da 'ya'yanku.

In kuma zuciyarki ta ƙi rabuwa da gidan Kaduna, wannan ma amsa ce mai mutunci, sai dai ku san ƙarin kashi 5 zai bi ku duk gidan da kuka saya muddin darajar na Kadunan ta kai fam 40,000. A gidan fam 300,000, harajin da ƙarin zai kama fam 20,000, kafin alƙalami 30,000, abin da kuka tara ya isa da ɗan saura. Gida mai hawa biyu ko uku a unguwannin kudancin birnin, wanda ba ya cikin kundin tarihi, zai fi sauƙi ga Hajiya da aljihu. Ko ku ƙara shekara ɗaya ko biyu kuna tari, gidajen wannan unguwa suna fitowa kasuwa lokaci zuwa lokaci.

Wajen magana da shi, ki zaɓi lokacin da ba daga aikin dare ya dawo ba, yara sun yi barci. Ki fara da gaskiyar da kika faɗa mini, cewa ke ma gidan ya burge ki. Ki ajiye takarda ɗaya a gabansa da lambobin nan a jere, 55,000 da 17,500 da 27,500, ki bar shi ya haɗa da kansa. Likita ne, ki tambaye shi ko zai yarda a yi wa mutum babban aiki ba a yi masa gwaji ba. Sannan ki ce kin amince a miƙa tayi a wannan makon, ke kuma za ki nemo safiyo ki biya shi, maganar Kaduna a ɗage ta sai rahoto ya fito. In ya sake cewa ba kya son ci gaba, kada ki biye wa zafin, ki nemi ku je wurin lauya tare ya ji batun izini da haraji daga bakin wanda ba shi da rabo a cikin gardamar. In abin ya ƙi, ki sa wani babba da yake jin nauyinsa, wanda ya taɓa sayen gida a ƙasar, ya zauna da ku. Ku yi istihara ku biyu. A daren yau kuma ki buɗe shafin Historic England da na neman izinin gini na hukumar birnin Liverpool, ki rubuta adireshin gidan, ki buga duk abin da ya fito ki riƙe kafin ku zauna.